Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Tsufan Salvador Dali

A makon jiya na tsaya a inda jirgin ƙasa ya ɗauko ni daga Basalona zuwa Figueres, garin da aka haifi Salvador Dali, shahararren mai zanen ƙasar Sifaniya, a 1904. Tun ina ɗalibin zane na san hotonsa na narkakkun agoguna, wanda ya yi a 1931 da salon nan na zana abin da ake gani a mafarki, amma abin da ya kai ni garin shi ne son sanin yadda mutumin da ya cika duniya da suna ya ƙare kwanakinsa.

Gidan tarihin da ya kafa tsohon zauren wasan kwaikwayo ne na garin, wanda ya ƙone a ƙarshen yaƙin basasar Sifaniya, shi kuma ya farfaɗo da shi aka buɗe a 1974. An jera manya-manyan ƙwai a saman hasumiyarsa, an kuma manna siffar burodi a jikin jan bangon. A tsakar gidan akwai baƙar mota ƙirar Cadillac wadda in aka jefa kwabo a na'urarta sai ruwa ya riƙa zuba a cikinta. Na daɗe tsaye a wurin, domin ko'ina mutum ya duba zai ga aikin wanda hankalinsa da hannunsa ke tare da shi.

Wajen 1980 hannun nan na dama ya fara karkarwa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san irin wannan rashi. A watan Yunin 1982 matarsa Gala ta mutu, sai ya koma gidan da ya saya mata a ƙauyen Púbol, daga baya ya ƙaurace wa abinci har ta kai ana ba shi ta bututu a hanci. A 1982 ɗin ce Sarkin Sifaniya na lokacin, Juan Carlos, ya ba shi sarauta, a 1983 ya yi zanensa na ƙarshe, a 1984 kuma gobara ta tashi a ɗakin kwanansa ta ƙona shi. Daga nan aka mayar da shi hasumiyar da ke jikin gidan tarihinsa, ya zauna a can har zuwa mutuwarsa ranar 23 ga Janairun 1989.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dubban fararen takardun da ya sa wa hannu tun kafin a buga komai a kansu. 'Yan kasuwa sun samu abin da suke so, suka cika Turai da Amurka da hotunan jabu masu ɗauke da sa hannu na gaskiya. Akwai masu cewa na kusa da shi ne suka ci da gumin tsoho mara lafiya, kuma ban musa ba, sai dai shi ya buɗe wannan ƙofa tun yana da ƙarfinsa, saboda kwaɗayin kuɗin da tsofaffin abokan tafiyarsa suka daɗe suna zarginsa da shi, kamar yadda suka zarge shi da raɓar gwamnatin Janar Franco, wanda ya yi mulkin kama-karya a Sifaniya.

Ya bar wasiyyar dukiyarsa ga ƙasar Sifaniya, gidauniyar da aka kafa a 1983 da sunansa da na Gala kuwa ita ke kula da ayyukansa. Kabarinsa yana ƙarƙashin dandamalin zauren, kuma na ga baƙi suna taka shimfiɗaɗɗen dutsen da ke kansa ba tare da sun sani ba. Ko a nan ma bai huta ba, domin a 2017 kotu ta sa aka tono gawarsa kan wata mata da ta ce ita 'yarsa ce, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya nuna ba haka ba ne.

A mako mai zuwa zan kawo labarin komawata aji, da muhawarar da muka yi da ɗalibaina kan sayar da zane.