Masaƙar Girkawa da matan da aka kora zuwa gare ta

'Yan'uwana masu koyon saƙa, masaƙar nan irin ta Girkawan dā da nake ta haɗawa ta tsaya da ƙafafunta, kuma ƙyallen farko ya sauko daga sandar sama kusan kamu guda. Ga waɗanda ba su taɓa ganin irinta ba, sanduna biyu ne dogaye ake jinginawa da bango, a gitta ta uku a samansu, zaren tsaye ya zubo daga can, a ƙasa kuma ba a ɗaure shi da komai sai curin yumɓu masu huda da ke reto a iska. Samfurin da na bi zane ne da ke jikin wata 'yar kwalbar mai ta yumɓu a gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, wadda aka yi a Atens tsakanin shekarar 550 da 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A jikinta ana ganin mata biyu tsaye a gaban masaƙa, wasu na kaɗi, wasu na auna ulu a ma'auni, wasu kuma na naɗe abin da aka gama.

Curin yumɓun su suka fi cin lokaci. Na mulmula kowanne ya kai kimanin giram 200 bayan ya bushe, na rataya wa kowanne sili goma, wato giram 20 ke nan a kan kowane sili, kuma wajibi ne nauyin layin gaba ya yi daidai da na layin baya, in ba haka ba ƙofar da ƙoshiya ke bi ba ta buɗewa sosai. Sama da curin kaɗan kuma sai an bi silin ɗaya bayan ɗaya da ƙulli irin na sarƙa, domin kada su tattaru wuri guda su bar gibi. Ulun da ake sayarwa a kasuwa galibinsa na roba ne, yana miƙewa idan ya ji nauyi, saboda haka da zaren auduga mai ƙarfi na yi wadari, na bar ulun gaske don abawa.

Wadda ta saba da masaƙar matanmu, inda ake zaune ana buga abawa ƙasa ƙyalle na hawa sama, za ta ga komai a nan a juye yake. A tsaye ake aikin, ana kai da komo daga wannan gefe zuwa wancan, sama ake buga abawa, ita kuwa kullum so take ta zamo ƙasa, don haka sai an sauya ƙofa an kulle ta kafin a buga. Kafaɗa ke shan wahalar, curin kuma suna ta karo da juna suna ƙara duk lokacin da aka ja sanda. Masanin tarihin Girkawa Herodotus, da ya je Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta da mamaki cewa mutanen can sun juya al'adun duniya, domin matansu ke cin kasuwa, mazansu na gida suna saƙa, kuma ƙasa suke tura abawa alhali sauran mutane sama suke turawa. A idon Bagirke, namiji a gaban masaƙa alama ce ta duniya ta kife, kuma wannan raini shi ne abin da na yi ta cin karo da shi tun da na fara karanta tatsuniyoyinsu don neman abin da zan saƙa.

A farkon waƙar Odisi ta mawaƙin Girkawa Homa, Fenelofi matar Sarki Odisiyus ta sauko daga bene ta roƙi mawaƙin gidanta ya sauya waƙa, domin wadda yake yi tana tuna mata mijinta da bai dawo daga yaƙi ba. Ɗanta Telemakus, wanda yana jariri uban ya tafi, ya ce mata ta koma ɗaki ta kama masaƙa da mazari, ta sa kuyanginta aiki, magana ta maza ce. A waƙar Iliyad ma kusan da kalmomin nan Hekto, jarumin birnin Taroi, ya sallami matarsa Andromaki bayan ta ba shi shawara kan inda ya kamata a tsare a ganuwar birni, sai dai shi yaƙi ya ce na maza ne. A waƙar dai, wajen gasar kokawa, an sa tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku a matsayin kyautar wanda ya yi nasara, aka ƙiyasta ta da shanu 12, wanda aka kayar kuma ya sami baiwa gwanar aikin hannu, kuɗinta shanu 4. Ke nan masaƙa ita ce wurin da ake tura mace idan ana so ta yi shiru, gwanintarta kuma tana da farashi, amma a aljihun wani.

Tushen abin yana wajen mawaƙi Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekarar 700 kafin haihuwar Annabi Isa. A tatsuniyarsa, mace ta farko, Fandora, horo ce da Ziyus, sarkin allolin Girkawa, ya aiko wa maza saboda wutar da Furomitiyus ya sata ya ba su. Da ƙasa da ruwa aka gina ta, aka umurci Atena, allahiyar hikima da sana'a, ta koya mata saƙa, aka umurci Hermis, manzon alloli, ya sa mata hali irin na kare da ɗabi'ar ɓarayi, sannan ta buɗe murfin randa cututtuka da wahalhalu suka watsu a duniya. Abin lura a nan shi ne saƙa da yaudara a zama ɗaya aka ba ta su. Mawaƙin bai tsaya nan ba, ya kwatanta mata da ƙudan zuma marasa aiki da ke zaune cikin amya suna cinye gumin wasu. Duk wanda ya tsaya awa guda hannu a sama yana buga abawa zai san nauyin wannan ƙazafi, domin riga da mayafi da shimfiɗar da mai maganar ke kwana a kai, a hannun matan gidansa suka fito, tun daga wankin ulu har zuwa kaɗi, wanda ya ninka saƙar kanta cin lokaci.

Darasin da ya fi tsaya mini a wannan zango shi ne na warwara. Da gangan na saƙa kimanin yatsu huɗu na kwance su, don in ga abin da Fenelofi ta yi. Labarin sananne ne. Manema 108 sun mamaye gidan mijinta Odisiyus suna cin dukiyarsa, ta ce su dakata sai ta gama likkafanin surukinta Layartis, ta riƙa saƙawa da rana tana warwarewa da dare a hasken jiniya har shekara 3, a ta huɗu wata daga cikin matan gidan ta tona. A baki abin kamar wasa, a hannu kuwa ba haka ba ne. Ba a jan abawa ta fito haka kawai. Sai an buɗe kowace ƙofa bi da bi daga ta ƙarshe zuwa baya, a zaro silin a hankali, ulu kuwa gashinsa kan sarƙe da zaren tsaye, sai an bi da farce ana ɓamɓarewa, kuma kowane zagaye yana ƙara cinye zaren tsayen har ya fara tsinkewa. A gwajina warwarar ta kusan cin lokacin da saƙar ta ci. Wannan ya nuna mini cewa dabarar ta yi shekara 3 tana ci ne kawai saboda a cikin maza sama da ɗari babu wanda ya ɗauki aikin da muhimmancin da zai sa ya tambayi kansa kwana nawa likkafani ke ci. Rainin da suka yi wa masaƙa shi ya zame mata mafaka.

An yabi Fenelofi, gaskiya ne, kuma Homa ya ba ta wayon da ya kai na mijinta, har shi kansa ta gwada shi da zancen gadonsu kafin ta yarda shi ne. Amma yabon yana da sharaɗi, wato yaudararta ta tsare wa miji gida. Ga ladan sauran matan gidan. Cikin kuyangi 50, an ware 12 da aka ce sun kwana da maneman, aka sa su kwashe gawawwaki suka wanke jinin zauren, sannan Telemakus ya ƙi kashe su da takobi kamar yadda ubansa ya umurta, ya ce ba su cancanci mutuwa mai tsabta ba, ya rataye su a jere da igiyar jirgin ruwa. Alhali a babin dai, Odisiyus da bakinsa ya zargi maneman da cewa da ƙarfi suke kwanciya da bayin gidansa. Shi kuwa, a hanyarsa ta dawowa, ya yi shekara 1 a wajen allahiya Sirsi da shekara 7 a wajen allahiya Kalifso, babu wanda ya tuhume shi. Saboda haka sashen farko na ƙyallena ba na Fenelofi ba ne. Ratsi 12 na baƙin ulu nake jerawa a kan fari, kowanne faɗin yatsa, kuma na gama takwas. Ba na saƙa siffar mutum, da launi da ratsi nake aiki.

Inda saƙa ta daina yi wa namiji hidima ta fara faɗin gaskiya, nan hukunci ke sauka. Teriyus, sarkin Taras, ya yi wa Filomela, ƙanwar matarsa Furokni, fyaɗe, ya yanke mata harshe don kada ta faɗa, ya kulle ta. Sai ta saƙa abin da ya faru a ƙyalle ta aika wa yayarta, yayar ta buɗe ta gane. Sofokilis ya yi wasan kwaikwayo a kan labarin, wanda ya ɓace sai 'yan guntaye, kuma cikakken bayanin da ya iso gare mu na Obid ne, mawaƙin Rum da ya kammala littafinsa wajen shekara ta 8 miladiyya, inda ya ce jajayen alamu ta saƙa a kan farin zare. Ko a nan tatsuniyar ba ta bar matan da gaskiyarsu ba, sai da ta sa suka yanka ɗan Furokni suka dafa wa uban, ta yadda mai sauraro zai tashi da tsoron matan fiye da ƙyamar wanda ya fara ta'asar. Haka aka yi wa Kilitemnestra, wadda mijinta Agamemnon ya yanka 'yarsu Ifijiniya don iska ta kaɗa wa jiragensa. A wasannin Eskilus na shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa, da mayafi ta lulluɓe shi a wurin wanka ta kashe shi, kuma da aka zo shari'ar ɗanta da ya kashe ta, Afolo, ɗaya daga cikin alloli, ya kafa hujja da cewa uwa ba mahaifiya ba ce, mai renon irin da namiji ya shuka ce kawai. Atena ta jefa ƙuri'arta ga ɗan, tana cewa ita ma babu uwar da ta haife ta, domin a tatsuniyarsu daga kan Ziyus ta fito bayan ya haɗiye uwarta Metis.

Labarin Arakni shi ne ya fi kusa da mu masu koyo. 'Yar wani marini ce daga Kolofon, ba 'yar sarauta ba, hannunta kaɗai ya yi mata suna, har ta yi gasa da Atena. Atena ta saƙa alloli cikin alfarmarsu, ta cika kusurwoyi huɗu da mutanen da aka hukunta saboda girman kai. Arakni kuwa ta jero ta'asar allolin a kan mata: Ziyus a siffar bijimi yana sace Yurofa, a siffar tsuntsun ruwa wajen Leda, a siffar ruwan zinariya wajen Danaye. Obid ya faɗa ƙarara cewa ba a sami aibi ko ɗaya a aikin ba. Duk da haka Atena ta yayyaga shi, ta bugi yarinyar da ƙoshiya a goshi, yarinyar ta rataye kanta, aka mayar da ita gizo-gizo. An daɗe ana karantar da wannan a matsayin gargaɗi kan girman kai, ni kuwa a ganina laifinta shi ne abin da ta zaɓa ta saƙa, kuma ba ƙaramin abu ba ne cewa hannun da ya hukunta ta na mace ne, macen da ta riga ta ce tana goyon bayan namiji a kusan komai.

Bai kamata a manta cewa kusan duk waɗannan labarai maza ne suka rubuta su ba, a ƙasar da macen Atens ke ƙarƙashin waliyyi tsawon rayuwarta, doka kuma ta hana ta ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin awo guda na sha'ir da suke kira medimnos. A 'yan baitocin mawaƙiya Safo ta tsibirin Lesbos da suka tsira, inda mace ce ke magana, masaƙa ba kurkuku ba ce kuma ba tarko ba ce. Aiki ne kawai da wata yarinya ke gaya wa uwarta ta kasa yi yau saboda soyayya ta hana ta sukuni.

Da na ƙarasa ratsi huɗun da suka rage, sashen Filomela zan shiga, kuma a nan nake neman taimakonku. Jajayen alamun ba za su ratsa faɗin ƙyallen duka ba, kowace da 'yar abawarta za a shigar da ita da yatsa a juyo da ita a tsakiya, kuma a gwajin da na yi a gefe, wurin da ja ya haɗu da fari yana barin tsaga, wadda nauyin curin ke ƙara buɗewa. Ina tunanin sarƙe silin biyu da juna a kowane layi, ko da bayan ƙyallen zai yi kauri. Jan ulun da na samu kuma yana zuba idan ya ji ruwa, don haka duk wadda ta san yadda ake kama jan rini a jikin ulu, ko ta taɓa rufe irin wannan tsaga ba tare da ɗinki ba, ta bayyana mana yadda take yi kafin in ɗaura abawar.