Masu ɗaure wa kiɗa gindi

Aikina lissafin kuɗi ne, kuma a wata ƙaramar ƙungiyar okestira nake yinsa, a arewacin Ingila, wato taron makaɗa masu goge, sarewa, ƙaho da tambura da ke kiɗa tare. Makaɗanmu ba 'yan albashi ba ne. Idan wasa ya taso a kira su, a biya kowa kuɗin atisaye da na wasa, ya kama gabansa. A ofis kuwa daga manaja, sai mai tsara wasanni, sai mai kula da takardun kiɗa, sai ni. Da na gaya wa Baba ta waya, cewa ya yi, "Ke da kika karanta akanta, me ya haɗa ki da makaɗa? To wane ne ubangidansu?" Baba ya san makaɗin fada da sarkinsa, ya san makaɗin 'yan dambe da masu yi masa liƙi. Okestira ba ta da ubangida ɗaya. Ko zaure ya cika maƙil, kuɗin tikiti ba ya biyan kuɗin wasa, domin mutum 40 ko 50 ne a dandali, kowa da haƙƙinsa, ga hayar zaure, ga hayar takardun kiɗa, ga motar ɗaukar tambura. Giɓin sai an cike shi da tallafin hukuma, da gudummawar gidauniyoyi da masu hali, da rangwamen haraji.

Wannan rangwamen shi ya fara haɗa ni da ƙungiyar okestirorin Birtaniya, ABO, wadda ke nan tun shekarun 1940. Gwamnati ta fara ba da shi a watan Afrilun 2016, kashi 25 cikin ɗari, kuma yana da sharuɗɗa: makaɗa su kai 12, mafi yawan kayan kiɗan kada su dogara da amsa-kuwa. Ba a kan dukkan abin da aka kashe ake lissafinsa ba. Kuɗin shirya wasa da atisaye suna shiga, kuɗin talla ba ya shiga. Manyan okestirori suna da kamfanonin akantoci masu yi musu wannan aiki. Mu sai ni da kwamfuta.

ABO tana tara ma'aikata gwargwadon aikinsu: masu kuɗi daban, masu tsara wasanni daban, masu aiki da makarantu daban. A taron masu kuɗi ne wata dattijuwa da ta daɗe a wata babbar okestira ta ja kujera kusa da ni lokacin shan shayi, ta buɗe kwamfutarta, ta nuna mini jadawalin da take rarraba kuɗin kowane wasa, layi bayan layi. Ta nuna mini yadda take raba kuɗin makaɗi tsakanin ranar atisaye da ranar wasa, da inda ake sanar da hukumar haraji cewa jerin wasanni za a lissafa su a dunƙule. Daga baya ta turo mini jadawalin ba adadi a ciki, ta ce in gyara shi yadda ya dace da mu. A takarda mu da su abokan gasa ne, ƙofofin gidauniyoyi ɗaya muke ƙwanƙwasawa. Ita ba haka take kallon abin ba, kuma ina ganin ita ce da gaskiya. Garin da ƙaramar okestirarsa ta mutu, yaransa ba za su taɓa ganin mai goge a gabansu ba, balle su girma su sayi tikitin babbar.

Neman goyon bayan gwamnati kuwa, yawancinsa cike fom ne. A watan Oktoban 2021, bayan korona ta rufe zaurukan wasa, an ɗaga rangwamen zuwa kashi 50, amma na wucin gadi. Ana ta roƙon mu turo adadi: wasa nawa muka yi, makaɗi nawa muka biya, yara nawa muka kai wa kiɗa a makarantu, wane wasa ne da ba a yi shi ba in da babu rangwamen. Aiki ne mai cin rai, kuma yakan faɗo daidai lokacin rufe littattafan shekara. Amma ma'aikatar kuɗi ba ta jin "kiɗa yana da daɗi". Abin da take ji shi ne adadi da aka tattaro daga ƙungiyoyi da yawa, ya zama magana ɗaya. A kasafin watan Maris na 2024 aka sanar da cewa rangwamen zai tsaya a kashi 45 na dindindin daga Afrilun 2025. Ranar, manajarmu ta zare wasannin ƙauyuka daga jerin waɗanda za a soke.

Ɗan majalisar mazaɓarmu bai amsa wasiƙun da muka cika da bayani ba. Ya zo ne da muka gayyace shi wata makarantar firamare. Ya zauna a kan ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, mai busa ƙaho ta miƙa wa wani yaro bakin ƙahon ya hura, sauti ya fita kamar kukan ɗan maraƙi, aji ya kaure da dariya. Kafin ya tafi na miƙa masa takarda shafi ɗaya: abin da zuwa makarantar ya ci, da inda kuɗin ya fito. Tun daga nan duk abin da zan kai wa ɗan siyasa ba ya wuce shafi ɗaya, kuma sai ya ga aikin da idonsa tukuna.

Ba kowane lokaci haɗin kai ke cin nasara ba. A watan Nuwamban 2022 hukumar tallafa wa fasahohi ta Ingila, Arts Council, ta cire wata okestira mai suna Britten Sinfonia daga jerin waɗanda take ba tallafi a kai a kai, kuma duk ƙorafin da aka yi, sai da ƙungiyar ta koma neman gudummawar jama'a. A watan Maris na 2023 kuma BBC ta ce za ta rufe ƙungiyar mawaƙanta, BBC Singers, ta kuma rage kashi 20 na guraben albashi a okestirorinta na Ingila. Can kam hayaniyar makaɗa da ta jama'a ta sa ta janye batun rufewar.

Akwai wani ilimin da ba ruwansa da kuɗi, kuma shi ya fi taɓa ni. Tun 2008 dokar kare ma'aikata daga ƙara ta hau kan harkar kiɗa, kuma idan matsakaicin ƙarar yini ya kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, wajibi ne a ɗauki mataki. Wani mai busa sarewa da ke zama gaban masu kakaki ya gaya mini kunnensa kan yi ta ƙugi har washegari. Daga wata okestira muka aro na'urar auna ƙara da ake maƙalawa a kafaɗa, daga wata kuma muka koyi ɗaga masu ƙaho a kan dakali don sautin ya bi ta saman kawunan na gabansu. Ni na nemo kuɗin toshe-kunne da ake yi daidai da kunnen kowane makaɗi.

Yanzu abin da ke gabanmu shi ne zuwa wasa Turai. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, kayan kiɗan da aka loda a mota sai da takardar kwastan mai jera kowane goge da kowane tambari, kuma an taƙaita yawan wuraren da motar Birtaniya za ta sauke kaya a can. Wata gayyata da aka yi mana daga Holan mun mayar da ita saboda lissafin bai fita ba. Na rubuta abin da tafiyar za ta ci, sisi da kwabo, na tura wa masu tattara bayanan da za a kai gaban gwamnati.