Yini guda a Meursault, tsakanin kurangar inabi

Sai da na yi wata bakwai a Dijon kafin ƙafata ta taka wani ƙauye na Faransa. A tsawon wannan lokaci rayuwata ba ta wuce ɗakin haya da wurin aiki da layin sabunta takardun zama ba, har ranar da wani abokin aikina ya gayyace ni gidan iyayensa a Meursault cikin watan Satumba, ana tsakiyar tsinkar inabi. Na daɗe ina jan ƙafa, domin ni Musulmi ne, ba na shan giya, ƙauyen kuwa da giya ya yi suna a duniya, kuma ina gudun kada ƙin karɓar kofi ya zama cin fuska ga masu gida.

Jirgin ƙasa ya bi da mu ta Beaune, muka sauka ƙasa da sa'a guda da tashinmu. Mutanen ƙauyen ba su kai dubu biyu ba, amma duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya gaishe mu, abin da na yi watanni ina kewarsa a birni. Daga nesa ana hango hasumiyar coci da rufin ofishin magajin gari mai tayil kala-kala, bayansu kuma gonaki sun hau jikin tudu layi-layi, an raba su da ƙananan katangun dutse.

Mahaifin abokina, dattijo mai kaushin hannu, bai tsaya dogon bayani ba. Ya miƙo mini almakashin tsinka da bokiti, ya nuna mini yadda ake tallafe nonon inabi da hannun hagu kafin a datse shi, don kada 'ya'yan su zube. Kurangar gajeru ne, dole mutum ya yini a durƙushe, kuma ban cika layi biyu ba bayana ya fara ƙorafi. A nan ne hira ta ɓarke. Ya debo ƙasa daga gonarsa, ya tsallaka 'yar hanya ya debo ta maƙwabcinsa, ya buɗe tafukansa biyu a gabana: ɗaya ja-ja ce mai danƙo, ɗaya fara-fara cike da tsakuwa. Kowace gona a nan tana da sunanta da iyakarta tun zamanin da limaman zuhudu suke nomanta, ana kiransu climats, kuma guda 1,247 na yankin Burgundy, inda Meursault yake, ne Hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2015. Ni da na tashi a gidan manoma ban buƙaci tafinta ba a wannan magana.

Na tambaye shi, "Baba, wannan kumburin da ke gindin kowace kuranga fa?" Ya ce tabon aure ne. Wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya shigo Turai daga Amurka, ya ɓulla a Meursault a 1878, ya kusa shafe gonakin yankin baki ɗaya. Abin da ya cece su shi ne aura irin Faransa a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kuma har yau haka ake dashe. Maganar ta tsaya mini a rai, wataƙila saboda ni ma dashe ne a ƙasar nan. Da ya zo kan sanyin Afrilun 2021, lokacin da ƙanƙara ta ƙone tohon da ya riga ya fito, muryarsa ta sauya. Ya ce sun kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka, gari ya waye da hayaƙi, duk da haka amfanin da suka ɗauka a shekarar bai taka kara ya karya ba.

Abin da nake tsoro ya zo a teburin rana. Aka ɗauko kwalba, na dafa ƙirji na ce addinina ya hana ni. An yi shiru kaɗan, sai uwargidan ta tashi ta kawo mini ruwan inabin da aka matse da safiyar nan, wanda bai fara tsami ba, mai zaƙi kamar zuma, ta kuma janye farantin naman alade daga gabana ta matso da kaza. Dattijon ya ɗaga kofinsa, na ɗaga nawa. Ban ɓoye masa cewa ba zan iya ɗaukar sana'ar giya a matsayin hanyar cin abinci ba, shi ma bai nemi in canza ra'ayi ba.

Da yamma ya raka mu tasha da ledar inabi a hannu. Ya ce in komo cikin hunturu lokacin sassabe rassa, in ga yadda ake ƙona su cikin baro a tsakiyar gona, domin a cewarsa wanda ya ga tsinka kaɗai bai ga noman inabi ba. Na riga na nemi hutun kwana biyu a watan Janairu.