Saƙon Godiya Bayan Jinyar Sankarar Mama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Bayan haka, ina rubuta wannan saƙo daga Garwa, da izinin maigidana, domin in gode wa mutanen da suka tsaya mini a cikin watanni 14 da na shafe ina jinyar sankarar mama. Tun da na dawo gida 'yan dubiya ba su yanke ba, kuma kusan kowa idan ya zauna sai ya sa wa manyan likitocin Yawunde albarka, waɗanda suka yi mini tiyata. Sun cancanci albarkar, zan kuma zo kansu. Amma akwai mutumin da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali ta hannunsa Allah Ya fara kawo mini ɗauki, shi ne likitan ƙaramin asibitin unguwarmu, wanda ke duba mai tari da mai gudawa da mai hawan jini duk a ɗaki guda. Ya roƙe ni kada in rubuta sunansa, na kuma mutunta roƙonsa.

Ban je wurinsa don nono ba. Na je ne a ƙarshen damina domin ya sabunta mini takardar maganin hawan jini, kamar yadda na saba. Da ya gama awo, yana cikin rubutu a littafin asibitin nan da muke kira karne, sai ya tambayi shekaruna, na ce 46. Ya ce, “Hajiya, an taɓa duba miki nono ko bakin mahaifa?” Kunya ta kama ni, na ce lafiyata ƙalau, babu inda ke yi mini ciwo. Bai matsa mini ba. Ya ce watan Oktoba ne, watan da ake tunatar da mata wannan al'amari, kuma ungozoma na ɗakin da ke kusa, mace ce 'yar'uwata, ba zai ɗauke ni fiye da minti goma ba. Na shiga ne don kada in watsa masa ƙasa a ido. A nan ungozomar ta ji wani ƙulli mai tauri a nonona na hagu, wajen hammata. Gaskiyar magana ita ce na san da shi tun wajen wata uku, amma tun da ba ya ciwo sai na ɗauke shi ba komai ba. Daga baya likita ya gaya mini cewa wannan rashin ciwon shi ne yake yaudarar mata da yawa, domin sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo.

Ya rubuta mini hoton nan na eko, wanda ke nuna cikin jiki da na'ura, aka yi, hoton bai kwantar da hankali ba. Ya yi mini bayani cewa yawancin ƙullin da ake samu a nono ba sankara ba ne, kuma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai shi ɗakin gwaji an duba. Da na ji kalmar allura sai na gudu. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san maganar da ake yi, cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Na yi mako shida ina shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ba zan ambaci wanda ya ba ni ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, domin abin da ya gada ke nan, ni ce kuma na kai kaina. Amma ƙullin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi.

Abin da likitan ya yi a wannan tsakani shi ne dalilin wannan rubutu. Ya lura ban dawo ba. A asibitin da mutane ke yin layi tun asuba, ya tuna cewa akwai wata mata da ya tura gwaji ba ta kawo sakamako ba, ya sa aka nemo lambata a rajista, ya kira ni. Na yi masa ƙarya na ce na yi tafiya. Bayan mako guda ya sake kira, ya ce, “Hajiya, ba zan gaya wa kowa sirrinki ba, amma ki ba ni izini in yi magana da Alhaji a gabanki.” Na ba shi. Muka zauna mu uku, ya yi mana bayani da Fulatanci, domin shi mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta nuna ba, mu kuma Faransancin asibiti ya fi ƙarfinmu. Ya ɗauki takarda ya zana nono da ƙananan kaluluwan da ke hammata, ya nuna mana hanyar da cutar ke bi idan aka bar ta. Game da maganar ƙarfe kuwa, bai yi mana dariya ba. Ya ce yana ganin abin da ya haifi wannan magana shi ne mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta riga ta bazu, sai a yi tiyata su rasu, jama'a kuma su ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Likita, gobe ƙarfe nawa za mu zo?”

Aka ɗebi naman aka aika da shi kudu. Sakamakon da aka ce mako biyu ya kai mako biyar, har muka fara zaton ya ɓace a hanya, kuma likitan ne ya riƙa bugun waya yana bibiya har ya iso. Ranar da ya iso bai gaya mini ta waya ba, ya ce in zo da wanda na amince da shi. Ya faɗi sunan cutar ƙarara, bai ɓoye ba, ya bar ni na yi kukana, sannan ya rubuta wasiƙa mai shafi biyu zuwa ga likitocin sankara, ya lissafa tarihina da magungunan da nake sha. A Yawunde, likitan da ya karɓe ni ya karanta wasiƙar ya ce ta rage masa rabin aiki.

Zuwa Yawunde daga Garwa ba wasa ba ne ga mai lafiya ma. Mota zuwa Ngawundare, sannan jirgin ƙasa na dare, ka kwana a zaune ka wayi gari a can. An tsara mini allurar sankara, wadda a asibiti suke ce wa shimiyo, sau shida, duk bayan kwana 21, domin ƙullin ya ragu kafin tiyata. Wannan magani yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma idan suka yi ƙasa sosai ba a yin allurar sai sun farfaɗo. Saboda haka likitan unguwarmu ya tsara cewa a riƙa gwada jinina a nan Garwa kafin in sayi tikiti, ya aika wa Yawunde sakamakon ta waya. Sau ɗaya jinin bai kai ba, aka ɗaga mini mako guda ina gidana. Wanda bai taɓa biyan kuɗin mota da na jirgi na mutum biyu ba, ba zai san girman wannan dabara ba.

Akwai daren da ba zan manta ba, a cikin zafin watan Maris, kwana goma bayan allura ta biyu. Zazzaɓi ya rufe ni. A gidajenmu duk zazzaɓi na sauro ne, har an aiki yaro kanti ya sayo ƙwaya. Sai abokiyar zamana ta tuna gargaɗin da likita ya rubuta da jan biro a bangon karne, cewa idan zafin jikina ya kai 38 a kawo ni asibiti ko da tsakar dare ne, domin a waɗannan kwanaki jiki ba shi da garkuwa. Ita ta tsaya kai da fata sai an tafi. Aka kwantar da ni kwana huɗu ana yi mini allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. 'Yar'uwa, wannan karon a gaban jama'a nake faɗa miki: kin riƙe mini 'ya'yana kamar naki, kin aske mini sauran gashin kaina da hannunki ranar da ya fara zuba, ba ki kuma taɓa bari wani ya gan ni babu ɗankwali ba. Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Azumi ya same ni a tsakiyar allurai, na so in yi taurin kai. Ina godiya ga limamin masallacin unguwarmu, wanda ya aiko mini da saƙo ta bakin Alhaji cewa Allah da kanSa Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. Na sha, kuma yanzu na fara ramawa a hankali.

Ga likitocin Yawunde da suka cire nonon tare da kaluluwan hammata, da ma'aikatan jinyar da suka yi ta neman jijiya a hannuna ba tare da tsaki ba, da ma'aikatan Duwala inda aka gasa mini wurin sankarar da hasken na'ura na tsawon mako biyar, ina miƙa godiyata. Ga Yaya da iyalinsa a unguwar Birikitiri ta Yawunde, waɗanda suka ba ni ɗakin 'yarsu ita kuma ta koma kwana a falo, babu abin da zan ce sai addu'a. Ga matan adashinmu da suka haƙura da layinsu suka ba ni kwasa, da abokan kasuwar Alhaji da suka yi karo-karo, Allah Ya mayar muku da ninkinsa. Alhaji kuma ya hana ni in yi dogon bayani a kansa, saboda haka zan ce kawai ya sayar da filinsa bai gaya mini ba sai bayan tiyata.

Da aka sallame ni na ɗauka an gama, ashe wani sashe ne ya fara, kuma wannan sashen a hannun likitan unguwa yake. Gwaji ya nuna irin sankarata tana samun ƙarfi daga sinadarin jikin mace, don haka aka ɗora ni a kan ƙwayar tamoksifen, ɗaya kullum har shekara biyar aƙalla. Duk wata uku nakan je ya duba tabon tiyata da ɗaya nonon da hammata da wuya, ya tambaye ni ko ina tari ko ciwon ƙashi, ko na ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafata ta kumbura, domin maganin yana da nasa illolin da ake sa wa ido. Yana auna hannuna na hagu da tef irin na tela saboda kumburin da kan biyo bayan cire kaluluwa, ya koya mini motsa shi, kuma a hannun dama yake yi mini awon jini. Hoton nono na shekara-shekara ma shi ya rubuta ranarsa a karne. Ban taɓa jin ya ce mini na warke ba. Abin da yake cewa shi ne, “Yau ban ga komai ba, Hajiya, sai wata uku.” Da farko wannan magana ta yi mini nauyi, yanzu kuwa ita ce ta sa na yarda da shi.

Ya kuma ce in turo masa ƙannena mata biyu, domin wadda 'yar'uwarta ta jini ta yi wannan cuta ta fi bukatar a sa mata ido. Sun je, ungozoma ta duba su, ta yi musu har da gwajin bakin mahaifa da ake yi da ruwan kal, wanda ba ya ɗaukar lokaci. Ta gaya musu cewa sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba a cikin matan Kamaru, kuma ta bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo ta, wadda tun shekarar 2020 aka shigar da rigakafinta cikin alluran da ake yi wa 'yan mata masu shekara tara a ƙasar nan. Autata ta cika tara a bana. Na ji surutan da ake yi a kan wannan allura, irin surutan da na ji a kan ƙarfe, kuma ni da kaina na riƙe hannunta na kai ta.

Waɗanda suka zo dubiya a kwanakin da aka hana ni cuɗanya da jama'a, aka mayar da su daga zaure, ina roƙon su yafe mini, umarnin asibiti ne. Waɗanda na manta ban ambata ba, Allah bai manta da su ba. Likita, ungozoma ta gaya mini ba ka karɓar kyauta, shi ya sa ban aiko da komai ba, amma Alhaji ya ce in sanar da kai cewa ragon layya mai zuwa da ƙafarka a ciki, kuma wannan ba kyauta ba ce, haƙƙin maƙwabtaka ne. Zan zo ranar da ka rubuta, da karne a hannuna. Allah Ya ba sauran marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan matan da muka zauna layin allura tare waɗanda Ya riga Ya karɓi abinSa.

Wassalamu alaikum.