Faifan CD Mai Tsada: Abin da Na Gano Bayan Na Gwada

Na daɗe ina tara faya-fayan CD a gidana da ke Bauchi, kuma ko da wayar salula ta mayar da su kayan da, ban daina sauraronsu ba. Wani abokina da ke fatauci zuwa ƙasashen Asiya ne ya fara kawo mini irin waɗanda ake bugawa musamman domin masu tsananin son tsaftar sauti, waɗanda kuɗinsu ya ninka na faifan yau da kullum, tun ma kafin a haɗa da kuɗin kawowa da faɗuwar darajar naira. A cikinsu akwai SHM-CD, wanda kamfanonin JVC da Universal na Japan suka fito da shi a 2007, suna cewa robarsa ta fi ta sauran haske, akwai kuma mai ruwan zinariya na kamfanin Mobile Fidelity na Amurka.

Da yake ina da tsofaffin bugun wasu daga cikin kaɗe-kaɗen, sai na ƙudurta gwadawa. Na roƙi ƙanena ya riƙa sauya faya-fayan ba tare da na ga wanda ya sanya ba, bayan mun daidaita ƙarar, domin kunne yakan ɗauki sautin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau. Da dare muka yi, lokacin da akwai wuta kuma janaretocin maƙwabta sun yi shiru. A kan ɗaya daga cikin na Japan, duk lokacin da ya ce, "Yaya, wanne ne wannan?" sai in ga amsata ba ta wuce cita ba. Da muka kwafe su biyun a kwamfuta muka gwama, sai lambobinsu suka fito iri ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da Sony da Philips suka fitar da CD a 1982, ƙa'idarsa ɗaya ce: ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ana adana kowane awo a matsayin lamba mai bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta), kuma hakan ya ɗauke duk iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji. SHM-CD da Blu-spec, wani irin faifai mai tsada na Sony, duk a kan wannan ƙa'ida suke, shi ya sa kowace na'ura ke iya karanta su. Bugu da ƙari, an gina tsarin gyara kuskure a cikin faifan, ta yadda ƙaramin karce ba ya hana na'ura fitar da lambobin daidai. Idan lambobin ɗaya ne, kyan roba ba shi da abin da zai ƙara wa kiɗan. SACD, wani nau'in faifai na daban wanda ya fito a 1999, shi ne ya sauya tsarin adanawa, amma yana buƙatar na'urarsa ta musamman, wadda ba ni da ita.

Mai ruwan zinariyar kuwa ya bambanta ƙwarai, har ƙanena, wanda wannan harka ba ta dame shi ba, ya ji. Ganga tana da nauyinta, wurin da mawaƙi ya sassauta murya yana nan a sassauce, kuma idan kiɗan ya tashi sai ka ji ya tashi da gaske. Sai dai ba zinariyar ce ta yi wannan aiki ba. Injiniyoyin sun koma kan tef na asali ne suka sake fitar da sautin a natse, ba su matse shi domin ya yi ƙara ba, alhali bugun da ke hannuna na lokacin da kamfanoni ke gasar ƙara ne, daga shekarun 1990 zuwa gaba, inda ake danne bambancin da ke tsakanin sassauci da ƙarfi har kunne ya gaji da wuri. Amfanin zinariya na gaskiya shi ne ba ta lalacewa kamar alminiyam ɗin da ke cikin faifan yau da kullum idan iska ta samu hanyar shiga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ajiya ta shekaru.

Tun daga nan, kafin in biya kuɗin faifai mai tsada, nakan binciki wanda ya gyara sautinsa da kuma tef ɗin da aka ɗauko shi, ba irin robarsa ba. Sauran kuɗin na sa su a lasifika masu kyau, da kafet da labule masu kauri da suka rage amsa-kuwwa a ɗakin, da murfin da ke kare idon na'urar daga ƙurar hunturu, kuma canjin da waɗannan suka kawo ya fi na kowane faifai fitowa fili.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waƙoƙin makaɗanmu na da, waɗanda galibi ake samu a kwafin da aka ɗauko daga kaset zuwa kaset har muryar ta dusashe. Da za a samu masu nemo tef ɗinsu na asali su yi musu irin wannan gyara, zan biya ninki ba tare da ciniki ba, ko da a kan faifai mafi arha aka buga su.