Saniyar da ta kasa tashi

Litinin, 29 ga Disamba

Ɗakunan kwanan ɗalibai shiru kake ji, kusan kowa ya tafi gida hutun Kirsimeti. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfina a bana, don haka na roƙi wani likitan shanu da ke zagaya gonaki a wajen Budapest, babban birnin Hangari, inda nake karatun likitan dabbobi, ya riƙa ɗaukata. Ya amince, da sharaɗin kada in taɓa sa shi jira.

Ko gari bai waye ba muka isa gonar farko. A bakin ƙofa sai da aka fesa wa tayoyin motar magani, muka tsoma takalman roba a ruwan kashe ƙwayoyin cuta, muka saka rigar leda. Tun da boru, wato ciwon baki da kofato na shanu, ya ɓulla a ƙauyen Kisbajcs a watan Maris na 2025, karo na farko a Hangari tun 1973, manoman nan ba sa wasa da ƙofar garke. Shanu dubbai aka kashe a lokacin. Na faɗa wa Dokta cewa a gida makiyayi ya saba ganin boru yana zuwa yana wucewa, ya daɗe yana kallona bai ce komai ba.

Saniyar da aka kira mu dominta baƙa da fari ce, irin Holstein, haihuwarta ta huɗu, jiya ta sauka. Tana kwance ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙari. Dokta ya ce, "Fara taɓa kunnenta." Sanyi ƙalau. Hancin a bushe, ba ta tuƙa, ma'aunin zafi ya tsaya a 37, ƙasa da na lafiyayyar saniya. Na sa abin sauraro a kwiɓinta na hagu, tumbin ba motsi. Ya tambaye ni me na gani, na ce ƙarancin kalsiyam ne, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da madara: dakashi ya janye shi daga jini farat ɗaya, ƙasusuwan tsohuwar saniya kuma ba sa saurin mayar da shi. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini allurar.

Kwalbar maganin mai milimita 500 tun a mota take cikin rigarsa don ta ɗauki ɗumin jiki. Na danne jijiyar wuya har ta taso, na soka, jini ya biyo. Shi ya tsuguna yana sauraron zuciyarta, yana ɗaga mini hannu in sauke kwalbar ko in ɗaga, don rage ko ƙara gudun maganin. Nan ne haɗarin yake, domin in kalsiyam ya shiga da sauri zuciya na iya tsayawa. Kusan minti goma sha biyar muka yi, yatsuna sun sandare. Can sai fatar kafaɗarta ta fara rawa, ta yi wata doguwar gyatsa, ta yi kashi. Wallahi ban taɓa jin daɗin gyatsar dabba haka ba! Muka tokare ta da dammunan ciyawa ta zauna a kan ƙirjinta don kada ciki ya kumbura. Kafin mu gama duba maraƙin, ta yunƙura ta miƙe.

Mai gonar ya ce da farko ya so ya ɗura mata magani ta baki. Gara da bai yi ba, saniyar da ke wannan hali ba ta iya haɗiya sosai, huhu zai tafi.

A hanya na yi ta tunanin Bunajinmu. Da wuya su kwanta irin wannan kwanciya, don ba sa ba da lita talatin a rana. Amma ana ta haɗa su da irin waje don ƙarin madara, kuma ciwon zai biyo madarar. Ina so in iya wannan aiki sosai kafin in koma.

Sauran yinin gyaran kofato ne da rubuce-rubuce. Ƙarfe huɗu rana ta faɗi, na yi Magariba a bayan mota. Da daddare Dokta ya turo saƙo cewa ta ci abinci, amma za mu sake leƙa ta da safe, don wasu kan koma su kwanta. Gobe akwai awon cikin shanu, ga jarabawar ilimin magunguna a Janairu tana jirana.