Jifan ranar Lahadi

A makon jiya na miƙa kwamfutar aiki da na'urar auna gudun ƙwallo, na yi sallama da ƙungiyar besbol ɗin da nake yi wa farautar 'yan wasa a jami'o'in kudancin ƙasar Amurka. Wasu abokan aiki sun ɗauka tuƙi ne da kwanan otal suka gajiyar da ni. Ba su ba ne. Rahoto guda ne ya raba ni da wurin, rahoton wani yaro mai hannu biyu, wato mai jifa kuma mai bugu.

Yaron yana tsaron gurbin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku ranar Juma'a da Asabar, yana bugu a jerin farko, sannan ranar Lahadi a miƙa masa ƙwallo a ce ya hau tudun jifa. Duk wanda ya yi aikin nan ya san yadda makon jami'a yake. Gwanin majefa shi ake ba Juma'a, ya yi jifansa ya huta kwana shida. Wannan kuwa sai ya wuni biyu yana gudu, yana zamiya a ƙasa, yana wurga ƙwallo daga lungu zuwa tasha ta farko, kafin a zo auna hannunsa. Abin da na'ura za ta nuna ranar Lahadi saura ne. Tamkar ka ɗora wa doki kaya kwana biyu ne, ka kai shi filin sukuwa a rana ta uku, sannan ka yanke masa farashi.

Don haka ban tsaya ga Lahadi ba. Na riƙa zuwa tsakiyar mako, lokacin da yake gwajin jifa a gefen fili babu 'yan kallo, na kuma je atisayen kaka, sa'ad da jikinsa yake a huce. Mutum biyu na gani. Na ranar Laraba yana dasa ƙafar gaba ta tsaya ƙyam kamar an kafa ta, ƙugu ya juya, hannu ya biyo baya a sake, ƙwallo ta isa hannun mai cafewa da ƙarar da ba sai ka dubi na'ura ba. Na ranar Lahadi kuwa, daga zango na uku cikin zangunan wasan gwiwar gaban nan ta fara lanƙwashewa, kafaɗa ta riga ƙugu buɗewa, ƙwallo ta riƙa tashi sama tana kauce wa inda aka nufa. Ƙafafunsa ne suka gaji, hannun lafiyarsa ƙalau. Ga shi bai taɓa samun hunturu guda da ya ware wa jifa kaɗai ba, kullum rabin lokacinsa yana kejin bugu. Hannun ma bai sha wahala ba, domin zangunan da ya jefa tun yana sakandare ba su kai na sa'o'insa ba.

Bugunsa ne bai gamsar da ni ba. A jami'a da sandar ƙarfe ake bugu, ita kuwa tana rufa wa mutum asiri. Da ya je gasar bazara inda ake amfani da sandar katako irin ta ƙwararru, sai na ga yana bin jifa mai lanƙwasa har ƙasa. Na rubuta a fili: a ɗauke shi a matsayin majefi, a karɓe sandar. A ma'aunin nan namu na 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa, na ba miƙaƙƙen jifansa 45 a yau, 60 a gaba.

Ogana, wanda aikinsa shi ne tantance rahotannin masu yanki irina, sau ɗaya ya zo. Ruwa ya hana wasan Juma'a, aka haɗa wasa biyu ranar Asabar, yaron ya yi duka biyun a tsaye, washegari ya hau tudu. Oga ya zauna bayan raga da na'urarsa a kan gwiwa, ya kalli zango uku, ya duba agogo, ya miƙe. A wajen ajiye motoci na bi shi ina cewa, “Ranka ya daɗe, jiya wasa biyu ya yi. Ka ba ni Laraba guda ka gan shi.” Ya buɗe ƙofar mota ya ce, “Ka ga abin da na'ura ta nuna. Mai tsaro ne da ƙarfin hannu, ba majefi ba. Ka manta da Brendan McKay?”

Ban manta ba, kuma ba zan ce hujjarsa banza ce ba. McKay ya ci kyautar John Olerud ta gwanin masu hannu biyu sau uku a jere a jami'ar Louisville, ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauke shi na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017, ta bar shi yana yin duka biyun, ya shigo babbar gasa a 2019, aka yi masa aiki a kafaɗa a 2020, daga nan rauni ya yi ta bin rauni. Amma ba wanda zai rantse cewa haɗa aikin biyu ne ya jawo masa, kuma ni ai ban ce a bar yarona ya haɗa ba. Misalan da suka yi kama da shi daban ne. Jacob deGrom mai tsaron gurbi ɗaya da yarona ne a jami'ar Stetson, Mets suka ɗauke shi a zagaye na tara a 2010 a matsayin majefi, ya zo ya ci kyautar Cy Young ta gwanin majefa a 2018 da 2019. Michael Lorenzen yana tsaron tsakiyar fili a Cal State Fullerton yana kuma rufe wasa da jifa, Cincinnati ta ɗauke shi a 2013 don hannunsa. Duk na rubuta wannan a rahoton.

Saɓanin ra'ayi ba komai ba ne a aikinmu, don shi ma aka ajiye mai tantancewa. Da ya rubuta nasa rahoton ya sa 45 ya sa hannu, da ban ce uffan ba. Abin da ya yi shi ne ya shiga rumbun bayanai ya mayar da 60 ɗina ta koma 45, ya goge sakin layin da na yi bayanin gajiyar ƙafa, ya bar sunana a sama. Bai gaya mini ba. A ɗakin zaɓe aka liƙa sunan yaron can ƙasan allo, wata ƙungiya ta ɗauke shi a tsakiyar zagaye ashirin na zaɓen, ta sanar da shi a matsayin majefi, ta karɓe sandar tun ranar farko.

Kafin shekara ta zagayo gudun jifansa ya ɗaga, daidai yadda na rubuta. A taron bitar ƙarshen kaka darakta ya tambayi yadda aka yi yaro irin wannan ya fita daga yankinmu muna kallo. Oga ya haska rahoton a bango, ga sunana, ga 45, ya ce, “Mai yankin bai nace ba.” Ɗakin ya yi tsit, kowa ya juyo. Na ce ba abin da na rubuta ke nan ba. Ya yi murmushi ya ce kowa yakan tuna rahotonsa da kyau bayan yaro ya yi fice. Aka wuce zuwa batu na gaba. Ba ni da kwafi a hannu, domin ban taɓa zaton mutumin da ya koya mini riƙe na'ura zai yi mini haka ba. Har yau idan na tuna murmushin nan sai na ji abu ya tokare mini maƙogwaro.

Sai ga Paul Skenes. A makarantar sojan sama yana cafewa yana jifa, har ya ci kyautar Olerud a 2022. Ya koma jami'ar LSU, aka ce ya ajiye sanda ya fuskanci tudu, jifansa ya riƙa taɓa mil 100 a awa, suka ci kofin jami'o'in ƙasa a 2023, Pittsburgh ta ɗauke shi na ɗaya. Daga nan kowa a ofis ya koma malamin masu hannu biyu, har da wanda ya goge mini sakin layi. Na zauna ina jin yana karanta wa sababbin ma'aikata maganata kusan kalma da kalma, a matsayin abin da ya daɗe da ganowa.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka rubuta gudun jifan mai hannu biyu ba tare da ka rubuta abin da ya yi jiya da shekaranjiya ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, na'ura kuwa ba ta san an yi wasa biyu ranar Asabar ba. Ka zauna da yaron ka ji wanne yake so a ransa, don wanda aka ƙwace wa sanda ba da son ransa ba yakan yi shekara yana waiwaye. Ba kowane ne majefi ba, Kansas City ta ɗauki Jac Caglianone na shida a 2024 kuma bugunsa ta bi. Ka tambayi kanka ko jikinsa zai jure jifa duk bayan kwana biyar ko shida na tsawon wata biyar. Ka nemi hoton gwiwar hannu da kafaɗa kafin ka yi alkawari.

Kuma ka ajiye kwafin kowane rahoto da kwanan watansa a wurin da kai kaɗai ke da mabuɗi. A yankin da na bari akwai yara biyu irin wancan, ɗaya mai tsaron tasha ta uku, ɗaya mai cafewa. Rahotanninsu na tura wa darakta kai tsaye kafin in miƙa kwamfutar, na sa oga a kwafi.